Idon Jirgi da Kabarin Baba Joel

Ranar Laraba mutanen Gude suka wayi gari da labari biyu, kuma kafin azahar an ƙulle su wuri guda. Na farko kowa ya kwana da shi: Baba Joel, tsohon manomin da ke zaune a kan tudu, ya rasu, da safen nan za a binne shi. Na biyun ne baƙo. Wata babbar mota ta mutu a bakin hanya, gindin tudun, tun yammacin Talata, ga shi yanzu ana cewa da asuba 'yan bindiga sun sauke akwatin da take ɗauke da shi sun yi gaba.

Abin da aka ce yana cikin akwatin kuwa ba buhun taki ba ne. Na'ura ce da ake ɗaura wa jirgin yaƙi a ƙarƙashin ciki, ta hango mutum daga inda shi ba ya ko jin ƙarar jirgin, ta kuma nuna wa bam wurin da zai sauka. Wani kamfanin kwangila ne ya sayo ta daga waje, zai miƙa wa sojojin sama ranar Juma'a. Sojoji na da sunan da suke kiranta, amma mutanen gari nan take suka raɗa mata idon jirgi.

Da hantsi aka tayar da wani jirgi mai irin wannan idon ya zaga tudun. Ya hango maza shida sun saɓa dogon akwati suna hawa, ya ga sun saka shi a rami sun rufe. Shi ke nan fa, biri ya yi kama da mutum. Ana tsakiyar waƙar ƙarshe a bakin kabari sojoji suka iso, suka sa wa Zacharia ɗan mamacin ankwa. Gari ya ɗauki zafi, masu cewa direban motar ne ya tsegunta, masu cewa Hayatu ɗan gwangwan na Gella ne, wasu ma har sun fara kallon gidan makokin ta wutsiyar ido.

Hammanjoda bai sami jana'izar ba. Yana can bayan Kwaja yana bin sawun wasu shanu uku da aka sace, sai bayan azahar saƙo ya riske shi. Shekararsa sittin da biyar, ya yi kiwo har shanu suka ƙare, tun daga nan bin sawu ya zama abincinsa. Mutum ne mai gardamar tsiya, ko sannu ka yi masa sai ya duba ko da wani abu a ƙarƙashinta. Amma shekara arba'in suna abota da Joel, ɗaya na zuwa masallaci ɗaya na zuwa coci, kuma shanunsa ba su taɓa cin ko ganye ɗaya a gonar Joel ba. Ya hau tudun zuciyarsa na masa zafi, ya zo gaisuwar mutuwa ya tarar da bindigogi.

Ƙauna, babbar 'yar mamacin, tana zaune daram a kan kabarin, ta miƙe ƙafafu, mata kusan ashirin sun kewaye ta.

"Bappa, ka zo?" ta ce, idonta a bushe. "Wai za su tone Baba. Wai ba shi ne a ciki ba, ƙarfe ne. Ni na wanke masa ƙafa da hannuna, Bappa. Sai dai su fara tone ni."

Hammanjoda ya tsuguna ya dafa ƙasar, tana da ɗanyen sanyi. Kuka ya taso masa ya danne, don shi ba ya kuka a gaban soja.

Hafsan da ke jagorantar aikin, Oga Japhet, saurayi ne dogo, haifaffen bariki, ba mugu ba ne amma an ɗora masa kayan da suka fi ƙarfin wuyansa. Ya san sunan Hammanjoda, don ya sha jin yadda tsohon ya yi wa sojoji jagora a duwatsun nan shekarun baya. Ya kunna masa hoton a allon kwamfuta: wasu fararen inuwoyi shida da dogon abu a kafaɗa.

"Ka gani, Baba? Wannan idon ba ya ƙarya."

"Ƙarya kam bai yi ba," in ji Hammanjoda. "Ya ga mutum shida da akwati. Ya gaya maka suna kuka?"

"Sawun ɓarayin ya bi ta cikin gonarsu, ya nufo tudun nan. Awa uku bayan haka an binne akwati. Me kake so in rubuta wa na sama da ni? In abin nan ya faɗa hannun 'yan daji, kai ma ka san ba ƙaramin abu ba ne."

"Fasto ya ga gawa. Gari duka sun gani."

"Gari duka 'yan uwansa ne." Japhet ya rufe allon. "An ba ni zuwa gobe ƙarfe goma na safe. In ba a ga kayan ba, zan buɗe ramin nan, ko da mata ɗari ne a kai."

"To ka wasa shebur ɗinka, ɗana," Hammanjoda ya ce, ya ɗauki sandarsa. "Amma ba za ka yi aiki da shi a nan ba."

A bakin hanya ya sami wakilin kamfanin, Injiniya Divine, zaune a inuwar motar yana ta latsa waya. Farar riga ce a jikinsa, ko ɗigon laka babu, masu gadinsa biyu na tsaye a bayansa. Labarinsa a shirye yake kamar karatun allo: motar ta mutu, ya aiki direba Mubi neman fanbel, shi da masu gadi suka kwana a wurin, da asuba mutum kusan goma suka fito daga gona da bindigogi, su kuma suka ranta a na kare.

"Goma?" in ji Hammanjoda.

"Ko sha biyu. Baba, wa zai tsaya ƙirga mutum a lokacin? Ni dai na ce wa Oga Japhet ya tone ramin nan yau yau. Ɓata lokaci kawai ake yi."

"Kana sauri."

"Kayan gwamnati ne, ba akuya ba."

Direban, wani mutumin Michika mai suna Zira, yana can gefe ya haɗa kai da gwiwa, an riga an mare shi sau biyu kan zargin shi ya kira ɓarayi. Hammanjoda ya zauna kusa da shi ya miƙa masa goro.

"Wallahi Baba, ni ban san komai ba. Motan ma ban gane mutuwan shi ba. Fanbel da na sa sabo wancan sati, na sauka fitsari na dawo, wai ya tsinke."

"Me ya kawo ku ta nan? Ai ba hanyarku ba ce."

"Oga ne ya ce ruwa ya ci gada a babban hanya, mu zaga. Ni direba ne, inda aka ce nan zan bi."

"Kai ka loda kayan?"

"Ina! A rufe na samu. Ko taɓa shi an ce kar na yi."

Hammanjoda ya duba takalminsa da tafin hannunsa, ya tashi. Wanda ya sayar da uban gidansa ba ya dawowa da fanbel a leda ya zauna jiran mari.

Saura Hayatu. Tun da rabin gari na kiran sunansa, sai Hammanjoda ya hau bayan babur zuwa Gella, kada a ce ya bar ƙofa a buɗe. Ya tarar da shi kwance a rumfarsa cikin tarin ruɓaɓɓun tukwane da kwanon rufi, ƙafarsa ɗaya ɗaure da karan ɗori, ta kumbura suntum.

"Jam na, Bappa? Lafiya dai? Kai ma ka zo neman idon jirgi?" Hayatu ya yi dariya har ciwon ya katse shi. "Sati biyu ko bayi sai an riƙe ni. Kuma don Allah in na saya, wa zan sayar wa? Mai shayi?"

Hammanjoda ya yi masa sannu ya juyo, yana jin haushin awa guda da ya zubar a banza saboda surutun mutane.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya tsaya a bakin gonar Joel. Gyaɗa ce, ta fara fure, shukar ƙarshe da tsohon ya yi da hannunsa. An yi ruwa yammacin Talata ya ɗauke, don haka ƙasa ta riƙe duk abin da ya taka ta. Sojoji sun ga sawu ya shiga gonar, suka ɗaga kai suka kalli tudu, ba su ƙara kallon ƙasa ba tun da jirgi ya riga ya yi musu magana. Allah ya sa ta gefen hanya suka hau, ba su dagula masa wurin ba.

Ya bi a hankali, yana tsallake kunya ɗaya bayan ɗaya. Mutum goma, in ji mai farar riga. Hammanjoda ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ƙafa huɗu ce kawai, mutum biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, sanye da takalmin roba irin na manoma. Na bayan yana jefa ƙafar hagu waje. Sai kuma ya ga abin da ya sa ya tsaya cak. Ko wane taku a kan kunya yake, bisa gyaɗar, an murƙushe ta an bi. A kwarin da ruwa ya kwanta kuwa babu sawu ko ɗaya. Ya daɗe a tsugune yana tayar da wata gyaɗa da aka take, ransa ya ɓaci ƙwarai, har ya zagi mutanen da bai ga fuskarsu ba.

A ƙarshen gonar akwai falalen dutse, nan sawun ya ɓace. Daga nan hanya ɗaya ta hau tudu, ɗaya ta gangara mayo, wato rafi. Ya zaga dutsen sau biyu, haske ya ƙare masa, dole ya haƙura ya tafi ya yi magariba. Gari na wayewa ya dawo, ya bi gefen dutsen da rarrafe kamar mai neman allura, har ya sami ɗan gurbin dunduniya a cikin gansakuka. Ta gangare ta nufa.

Goma saura kwata ya iso kan tudu, wandonsa jiƙe har gwiwa. Ya makara kaɗan. An riga an janye matan da ƙarfi, biyu na riƙe da Ƙauna tana fizga tana kiran sunan ubanta, wani soja kuma ya kafa shebur a gefen kabarin ya kwashe ƙasa sau uku ya zubar. Zacharia na zaune a ƙasa da ankwa, ya runtse ido. Divine da masu gadinsa na tsaye, an kawo Zira, ga fasto da mai unguwa, har Hayatu an ɗauko shi a babur don kada a ba shi labari.

"Kai mai shebur!" Hammanjoda ya daka tsawa. "Ka ƙara ɗaya, ni da kai ne!"

Sojan ya dubi Japhet. Japhet ya dubi agogo.

"Goma ba ta yi ba," in ji tsohon. "Ko agogon naka ma jirgi ne ke duba maka? Na ga kayanka. Ku biyo ni, kowa da kowa, har shi mai ankwan."

Ya gangara da su, amma maimakon ya bi hanya sai ya yanke ta ƙasan gonar gyaɗar, inda babu tsohon sawu, ya haye da sauri ya tsaya a ɗaya gefen yana kallo. Fasto ya shigo yana tsallake kunya, ƙafarsa na faɗawa cikin laka. Haka mai unguwa, haka matan, sun tattare zannuwa. Zacharia da hannu a ɗaure, yana tangaɗi, sau ɗaya har ya kusa kifawa, amma a kwari ya sa ƙafa. Zira ma haka. Divine kuwa ya ɗage wando ya bi kan kunya ɗai ɗai, yana gudun laka, masu gadinsa na biye. Japhet da yawancin yaransa su ma kan kunyar suka bi.

"Tsaya nan, ɗana. Juya ka dubi bayanka," in ji Hammanjoda. "Ka ga inda mutanen garin nan suka taka? Ka ga inda kuka taka? Yanzu zo ka ga na ɓarayinka."

Ya kai shi kan tsohon sawun. Japhet ya tsuguna, ya kalli gyaɗar da aka murƙushe a jere har bakin dutse.

"Wannan ai shirme ne," Divine ya ce. "Ɓarawo yana gudu zai damu da gyaɗa?"

"Ba damuwa ba ce, ƙafa ce ta saba. Yaron da aka haifa a nan, tun yana tatata ake dukansa in ya hau kunya. Ko kura ta biyo shi, tsallakewa zai yi. Balle Zacharia, gyaɗar ubansa, uban na kwance ba a binne ba? Wanda ya bi nan baƙo ne mai tsoron laka. Ya sayi takalmin manoma, ya manta bai sayi ƙafarsu ba."

"Yarana ma sun taka," in ji Japhet a hankali.

"Sun taka. Amma yaranka sai da rana ta fito suka zo. Waɗanne baƙi ne suka kwana a gindin tudun nan?" Ya nuna tsohon sawun da sanda. "Mutum biyu ne, ba goma ba. Na baya yana jefa ƙafar hagu waje. Je ka duba wanda aka yi yanzu a gabanka."

Japhet ya je ya duba, ya dawo ya sake duba tsohon. Sai ya kalli ƙafar hagun ɗaya daga cikin masu gadin. Mutumin ya yi ƙoƙarin gyara tsayuwa, abin ya ƙi. Sojoji biyu suka matsa kusa da shi ba tare da an ce musu ba.

"Saura ɗaya," in ji Hammanjoda. "Nauyin abin nan nawa ne?"

"Ya fi buhun masara biyu," in ji Japhet. "Da akwatinsa ya kusa uku."

"Buhu uku, mutum biyu, a jiƙaƙƙiyar ƙasa, sawu bai nutse ko rabin yatsa ba? Mu je mayo."

Akwatin na nan inda ya bar shi, saƙale a saiwar wani ɓaure. An jefa shi ne don ruwa ya tafi da shi, shi kuwa ya taso sama ya maƙale. Hatimin kamfani na jikinsa ba a taɓa ba. Hammanjoda ya shiga ruwan, ya kama hannun akwatin da hannu ɗaya ya jawo shi bakin gaɓa, tsoho mai shekara sittin da biyar. Japhet ya yanke hatimin da wuƙa ya ɗaga murfin. Soso ne a ciki, an yanka shi daidai siffar na'urar, sai ƙamshin sabon roba. Idon jirgi bai taɓa kwana a cikinsa ba.

Mai gadin nan ne ya fara magana, tun ba a tambaye shi ba.

"Oga ne ya ce mu kai shi ruwa. Ya ce in Juma'a ta yi aka buɗe babu komai, dukanmu mun shiga uku. Shi ya yanka fanbel. Da aka ce jirgi ya ga masu gawa, ya ce Allah ne ya taimake mu."

"Ƙarya yake!" in ji Divine. "Japhet, ka san da wa kake magana? Bari in kira Abuja."

"Ka kira daga bayan mota," in ji Japhet. Ya karɓi mabuɗi ya kwance Zacharia da kansa, ankwar ko hucewa ba ta yi ba aka mayar da ita hannun Divine. Zira ya zauna a kan yashi ya fashe da kuka.

Japhet ya ce a wuce da su mota, ya juya zai bi hanya. Ƙauna ta sha gabansa.

"Ina za ka?"

"Mama, ku yi haƙuri. Kuskure ne, kuma zan rubuta cewa..."

"Ka rubuta abin da kake so, ba na karatu. An kwashe ƙasa a kan Babana sau uku. Ba za ka bar garin nan ba sai ta koma."

"Zan sa yaro ya mayar yanzu."

"Ba yaro ne ya ba da oda ba."

Sojoji suka gyara riƙon bindiga, matan kuma suka matso suka tsaya bayanta, babu wadda ta ƙifta ido. Japhet ya dubi Hammanjoda kamar mai neman ceto. Tsohon ya kau da kai yana matse ruwa daga wandonsa.

Suka hau tudun gaba ɗaya. A bakin kabarin wani soja ya miƙo shebur, Ƙauna ta sa ƙafa ta taka shi. Japhet ya cire hularsa ya miƙa wa na kusa da shi, ya durƙusa da kakinsa a cikin laka, ya riƙa ɗibar ƙasar da tafin hannu biyu yana mayarwa, yana dannawa, har wurin ya daidaita. Fasto ya ɗauko waƙar da aka katse jiya daga daidai baitin da aka tsaya, matan suka amsa.

Hammanjoda bai san waƙar ba. Ya koma gefe ya zauna a kan dutse, ya ajiye sandarsa, ya bar hawayen suka zubo, da soja a wurin ko babu.